Ku Tambaya, Mu Amsa: Yaron da gabansa ke faɗuwa ba ya jin karatu

Wasiƙun wannan karon kusan duk a wuri ɗaya suka taru: yaran da tsoro, fushi ko ƙiriniya ke hana su zaman aji. Mun zaɓi shida daga cikin birnin Damagaram da kewayensa, mun taƙaita su, mun kuma cire sunaye.

"Assalamu alaikum. Ina riƙe da ajin CE2, aji huɗu na firamare, yara 87 a rumfar zana. Darakta ya ce mu ajiye bulala, na ajiye. Tun ranar aji ya koma Kasuwar Dole. Ina ihu har muryata ta dushe, shugaban aji yana rubuta sunayen masu surutu, duk a banza. In ba duka, da me zan riƙe su?"
*Malama, Garin Malam*

Wa alaikumus salam, Malama. Darakta ba daga kansa ya ƙirƙiro maganar ba, ma'aikatar ilimi ta hana dukan ɗalibai da takardar umarni tun 1981, ko da yake kowa ya san abin da ke gudana a azuzuwa. Mu ba don takarda kaɗai muke goyon bayansa ba. Yaron da ke jiran saukar bulala jikinsa yana cikin shirin gudu ne: zuciya na bugawa da sauri, baki ya bushe, ido na kan hannun malama, ba kan allo ba. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe lambobi lokacin da ake lissafi ɗan ƙarami ne, tsoro kuwa shi ke fara cika shi. Shi ya sa yaron da ya iya 7 sau 8 a gida yake sandarewa a gaban allo kamar an dasa shi.

Inda aka kuskure shi ne an ɗauke abu ba a sa wani a gurbinsa ba.

Ki fara da dokoki uku, waɗanda ido ke iya gani: mai son magana ya ɗaga hannu, kowa ya zauna a wurinsa, hannu da ƙafa ba sa taɓa wani. "Ku yi ladabi" ba doka ba ce, nasiha ce, ɗan shekara tara bai san abin da zai yi da jikinsa ba in an faɗa masa ita. Ki bayyana dokokin da Hausa tukuna, ki sa yara biyu su nuna yadda ake bi da yadda ake karyawa. Sai alamar shiru guda ɗaya tak: ki tafa sau biyu, su amsa da tafi uku su harɗe hannu. A makon farko ki gwada ta sau biyar a yini, har lokacin da babu hayaniya. Kada ki soma magana sai shirun ya kankama. Malamar da ke magana a kan surutu, ita ce ke koya wa yara cewa ba sai an saurare ta ba.

Akwai kuma wani wasa da masu bincike na jami'ar Kansas a Amurka suka gwada a wani ajin firamare suka wallafa sakamakonsa a 1969, aka ci gaba da amfani da shi a ƙasashe da dama saboda ba ya cin ko dala. Ki raba ajin rukuni shida, kowane yara 14 ko 15, ki warwatsa fitinannun, kada su taru a rukuni ɗaya. Ki rubuta sunayen rukunonin a gefen allo, ko da sunayen unguwanni ne, Birni, Zango, Sabon Gari. Ki ce, "Wasa ya fara, minti goma." Duk wanda ya karya doka, ki ja sanda ɗaya a ƙarƙashin sunan rukuninsa, ki ce da murya a kwance, "Zango, magana ba izini," ba tare da kiran sunan yaron ba, ki juya ki yaba wa rukunin da ke aiki. In lokaci ya cika, duk rukunin da sandunansa ba su wuce huɗu ba ya ci. Ana iya cinyewa gaba ɗaya, kuma abin da ake nema ke nan. Ladan: su fara fita hutun ƙarfe goma, su zaɓi waƙar tashi, ko a yi musu tatsuniya ta minti uku. Sau uku a mako ya isa da farko, a lokacin aikin rubutu. Bayan makonni ki ja shi zuwa minti 20, sannan 30.

Ga inda yake lalacewa. Wata malama za ta ji daɗinsa ranar farko ta mai da shi na yini guda, yara su gaji, sanduna su cika allo, kowa ya fid da rai da ci. Wani yaro kuma zai gane cewa shi ke da ikon kayar da rukuninsa, ya riƙa yi da gangan. Wannan ki cire shi ki mai da shi rukuni shi kaɗai na kwana biyu ko uku, ba da faɗa ba. Ki sanar tun farko cewa yi wa wanda ya jawo sanda barazana shi ma sanda ne, in ba haka ba za a tare shi a hanyar gida. Ruwan sha kada ya taɓa zama lada ko horo, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Takardar sunayen masu surutu kuwa ki yage ta. Ba abin da take haifarwa sai gaba, da cin hancin ƙosai.

Rabin ƙiriniya zaman banza ne. Yaro ɗaya yana allo, 86 suna kallonsa, me za su yi in ba tsokana ba? Ki koma ga dabarar ƙananan alluna da ake koyarwa a makarantar horon malamai: ki yi tambaya, ki ƙwanƙwasa tebur kowa ya rubuta, ki sake ƙwanƙwasawa kowa ya ɗaga allonsa. Duk bayan minti 15 ko 20 ki canza aiki, ko ki tashe su su miƙe na minti ɗaya.

"Ni ke sa ido kan ɗalibai a wata CEG, wato kolej. Mako biyu ke nan ƴan mata na faɗuwa a aji. Ɗaya ta kurma ihu ta faɗi, kafin a ankara bakwai sun bi ta. Wasu na cewa iskoki ne, wasu malamai na cewa ƙarya suke don gudun jarrabawa. Iyaye sun fara riƙe ƴaƴansu a gida. Me za mu yi?"
*Mai tambaya daga jihar Damagaram*

Malam, ka fara cire maganar ƙarya daga bakin abokan aikinka. Yarinyar da ta faɗi ta buga kai a benci ba wasan kwaikwayo take ba, kuma ranar da aka kira ta maƙaryaciya an rufe ƙofar da za a bi a taimake ta. Abin ba sabo ba ne a makarantun Nijar, har suna aka yi masa da Faransanci, "génie tchatcheur". Ba mu kaɗai ba ne kuma. A 1965 a garin Blackburn na Ingila an kwashi ƴan mata 85 daga makaranta guda zuwa asibiti saboda suma da jiri, aka bincika ba a sami guba ko ƙwayar cuta ba. A 1962 a wata makarantar ƴan mata da ke Tanganyika, Tanzaniya ta yau, dariya da kuka ne suka yaɗu har aka rufe makarantar.

Maganar gaibu ta malamai ce, ba mu da hurumin yanke hukunci a kai. Abin da ke faruwa a jiki kuwa sananne ne. Yarinya ta firgita, numfashinta ya yi sauri. Saurin numfashi yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da ƙima, sai jiri ya zo, leɓe da yatsu su yi kamar ana tsira musu allura, hannu ya ƙanƙame, ƙirji ya yi nauyi. Ta ga hannunta ya ƙanƙame, ta ƙara firgita, numfashin ya ƙara sauri. Ƙawarta da ke kallo, wadda ita ma ta fito ba karin kumallo, ga zafi, ga fargabar jarrabawa, sai ta shiga layi. Ta ido da kunne yake yaɗuwa, kuma ya fi bin aminai. Saboda haka taro shi ne makamashinsa.

Ku shirya tun kafin ta sake faruwa. Ku ware mata biyu manya, malamai ko daga ƙungiyar iyaye mata, da ɗaki ko inuwa da ba a hango ta daga azuzuwa, da tabarma da ruwa. In yarinya ta faɗi, malamin ajin ba ya barin ɗalibansa. Ya fitar da sauran a natse zuwa wani wuri ya ci gaba da ba su aiki, ba a buga ƙararrawa, ba a leƙowa daga wasu azuzuwa, ba mai ɗauka da waya. In sun kai biyu ko uku, a raba su, kada ɗaya ta ga ɗaya ko ta ji kukanta. A kwantar da ita a gefenta, mace ta sassauta mata hijabi ta wuya, a duba tana numfashi, a duba ko ta ji rauni. Mutum ɗaya ne zai yi magana, a hankali, yana kiran sunanta: "Kina lekol, ina tare da ke, zai wuce. Ja numfashi ta hanci, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sake shi a hankali kamar mai hura kunu, har shida." Fitar numfashin ita ce ake so ta fi tsawo. Sau da yawa firgici irin wannan yana kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti goma, sannan ya fara sauka, in dai ba a rura shi ba.

Ba a ɗura mata ruwa tana kwance, ta shaƙe. Ba a tura cokali a baki, ba a mari, ba a turara barkono ko wani hayaƙi, ba a rufe mata baki da leda, ba a sa maza huɗu su danne ta. Danniya tana ƙara fizge-fizge, tana kuma iya hana numfashi.

Abin da muka fi jin tsoro shi ne a cikin ƴan mata takwas a sami ɗaya mai ciwo na daban, a haɗa ta da sauran a yi sake. Mai farfaɗiya takan faɗi farat ɗaya, ta sandare, sannan jiki ya riƙa fizga a jere na minti ɗaya zuwa uku, ido a buɗe, wani lokaci ta ciji gefen harshe ko fitsari ya kufce, ta farfaɗo a rikice tana son barci. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa, kuma akwai maganin da ke riƙe ta. A faɗuwar firgici kuwa sau da yawa ido a runtse yake gam, abin ya daɗe, ya lafa ya tashi, ya tsananta in mutane sun taru. Wannan don ka iya ba ma'aikacin lafiya labari ne, ba don ka yanke hukunci da kanka ba. A garzaya likita nan take in fizgar ta wuce minti 5, in ta sake tashi yarinyar ba ta dawo hayyacinta ba, in ta bugu a kai, in jikinta ya yi zafi rau, in tana da ciki ko ciwon suga, ko in akwai zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Jiharmu ta sha fama da sanƙarau a ƙarshen 2022 zuwa 2023, kuma rani lokacinsa ne. Yarinyar da ta fara faɗuwa, ko ta warware sarai, a kai ta CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, a auna jininta, a duba zazzaɓin cizon sauro. Ku shinshina ajin ma: in akwai warin maganin ƙwari ko hayaƙin janareta, ko kuma maza da malamai su ma suna amai da ciwon kai, to wani abu ne a iska ko a abinci, a fitar da kowa.

Iyaye za su nemi ruƙiyya, kada ku yi jayayya da su. Ku roƙi abu uku: a yi ta a gida ko a ɗaki a rufe, ba a tsakar makaranta ɗalibai na kallo ba, ba duka, ba ta maye gurbin zuwa likita. Ku kira taron iyaye tare da kwamitin kula da makaranta, ku gayyaci limamin unguwa da ma'aikacin CSI su zauna benci ɗaya, a gaya wa mutane abin da aka auna da abin da aka samu. Jita-jita a duhu take ƙiba. Rufe makaranta na tsawon lokaci ba ya magani, dawowar ce ke ƙara wuya. Yarinya ta huta yini ɗaya ko biyu ta dawo, ba tare da an yi mata taron sannu ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan kwana biyu, macen da yarinyar ta yarda da ita ta zauna da ita su biyu, ta tambaye ta barci, abinci, jinin wata, aikin gida, da abin da ke damunta. Nan ake jin maganar auren da ake shirya mata ba ta so, ko ɗiban ruwa tun asuba kafin ta taho, ko wani babba da ke takura mata. In wannan babban a cikin makarantar yake, magana ta wuce ta numfashi, ta zama ta darakta da hukuma.

"Ina ajin ƙarshe na kolej, bana zan yi BEPC, jarrabawar kammala kolej. Ina hadda har ƙarfe biyun dare, ina shan shayi don kada in yi barci. Amma da an raba takarda sai hannuna ya kama rawa, kaina ya zama fanko. Ina fita kuma komai ya dawo. A jarrabawar gwaji 7 na samu bisa 20 a lissafi."
*Ɗalibi, Mirriya*

Ɗanmu, tun da komai na dawowa bayan ka fita, karatun yana nan, hanyar ɗebo shi ce ba ka gyara ba. Maimaita karanta littafi yana sa ka ji ka sani domin idonka ya saba da shafin, a ɗakin jarrabawa kuwa babu shafin. Ka karanta darasi na minti 20, ka rufe littafin, ka rubuta duk abin da ka tuna a farar takarda, ka buɗe ka gyara da jan biro. Ka sake gwada kanka a kan darasin nan bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Zai yi maka ɗaci fiye da hadda, ɗacin nan shi ne aikin. Sau ɗaya a mako kuma ka samo tsohuwar takardar BEPC, ka zauna a tebur, ba a tabarma ba, ka ajiye agogo, ka yi ta daidai da lokacin da ake bayarwa, ba leƙe. Jikinka na bukatar ya saba da wannan zaman. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai shekarunka yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci ne abin da aka karanta yake zaunawa. Shayin fada mai kauri da dare shi ke ƙara maka bugun zuciya da rawar hannu, ka tsayar da shi daga la'asar. Duk wanda ya miƙo maka tramol ko wata ƙwaya da sunan ƙarfin karatu ba masoyinka ba ne: tana kama mutum, tana kuma iya jawo fizga irin ta farfaɗiya.

Numfashin da muka kwatanta a sama, ja huɗu, saki shida, ka yi shi sau goma bayan sallar asuba, sau goma bayan isha'i, kullum. Bai kai minti biyu ba. Wanda bai saba da shi a natse ba, ba zai same shi a firgice ba. Ranar jarrabawa ka karya kumallo. In an raba takarda ka yi addu'arka, ka karanta tambayoyin duka, ka zube ƙa'idojin da kake tsoron mantawa a takardar gwaji, ka fara da wadda ta fi sauƙi ko da ita ce ta ƙarshe. In kai ya ɗauke, ajiye biro, dafa ƙafafunka a ƙasa, numfashi biyar, ka tsallake zuwa wata. Bugun zuciya kafin jarrabawa kowa na yi, har na ɗayan ajinku.

In kuwa aka kai mako biyu ba ka barci, ba ka cin abinci, ko kana jin gara mutuwa da faɗuwa, ka gaya wa babban da ka yarda da shi a ranar, ku je likita tare.

Malamai masu raba sakamako daga na ƙarshe zuwa na ɗaya, ana yi wa na ƙasa ihu, ku dubi wasiƙar yaron nan da kyau.

"Ɗana ɗan shekara bakwai yana CP, aji biyu na firamare. Kullum da safe sai ciwon ciki da kuka, in na bar shi a gida kafin hantsi ya warke yana wasa. Asabar da Lahadi lafiya lau. Babansa ya ce a zane shi."
*Uwa, Tudun Jamus*

Hajiya, ciwon na gaske ne, fargaba ce ke murɗa cikin. Ki kai shi CSI sau ɗaya a duba tsutsar ciki da zazzaɓi, don hankalin kowa ya kwanta. Daga nan ki nemo abin da yake gudu. Kada ki ce "Me ya sa ba ka son lekol?", ba zai iya amsawa ba. Ki tambaye shi kuna zaune kuna wani aiki: wa ke zama kusa da kai, ina kuke fitsari, wa ya taɓa karɓe maka kuɗin kashewa, kana hango allo, wa aka daka jiya? Yaro kan ƙi makaranta saboda dukan da aka yi wa wani yana kallo, ko don ya taɓa jiƙa wando aka yi masa dariya. Wani kuma ba makarantar yake tsoro ba, barin ki yake tsoro, musamman in an yi haihuwa, ko rasuwa, ko wani na gida ya tafi ci-rani.

Duk ranar da ya kwana bai je ba, tsoron ya ƙara tsawo, saboda jikinsa ya koyi cewa zaman gida ne ya cece shi. Don haka komawa ba ta jira sai ya daina tsoro. Ki je ki ga malaminsa ku shirya: kwana biyu na farko ki raka shi, ya zauna zuwa hutun ƙarfe goma ki zo ki ɗauke shi, kwana uku na gaba ya kai tashin tsakar rana, mako na biyu yayansa ko ɗan maƙwabta ya raka shi. Malam ya tare shi a ƙofa da ɗan aiki, raba alli ko share allo. Sallamarki ta zama gajeriya, kada ki sulale ba ya gani, kuma lokacin da kika ce za ki zo ki zo a kansa. In ya zauna gida, ba talabijin ba wasan waje sai an tashi daga lekol. Ki roƙi Malam babansa ya ba wannan shiri mako biyu kafin maganar zane. Ku daina cewa "za mu haɗa ka da mushe" in ya yi laifi a gida, mushen nan malaminsa ne, kuna mai da shi dodo.

"Akwai yaro a ajina na CM1, aji biyar na firamare, abu kaɗan sai ya harzuƙa, ya yi jifa da allo, ya shaƙe na kusa da shi. Na sa shi tsallen kwaɗo, na kore shi waje, na kira uban ya dake shi a gabana. Kullum ƙaruwa yake."
*Malami, Magarya*

Mushe, lokacin da yaro ya hau, kunnensa a toshe yake, wa'azi da barazana duk ƙarin wuta ne. Aikinka a wannan minti shi ne kada a ji ciwo. Ka janye yaran da ke kusa, ka tsaya ta gefensa da tazarar taku biyu, ba gaba da gaba ba, ka sassauta murya, ka faɗi magana ɗaya gajeriya: "Na ga ranka ya ɓaci. Ajiye allon." Ka ba shi zaɓi biyu da duk ka yarda da su, ya zauna a bencin baya ko ya tsaya bakin ƙofa inda kake ganinsa. Ka ƙirga goma a zuci kafin ka maimaita. Ba ka kama shi sai in zai raunata wani. Maganar laifi sai bayan minti 20 ko 30, ku biyu, ba a gaban aji ba. Hukuncin ya dace da ɓarnar: ya gyara abin da ya watsar, ya ba wanda ya shaƙe haƙuri, ya ƙarasa aikin da ya bari.

Wannan na ƙarshen shi ne mabuɗi. Ka ɗauki mako biyu kana rubuta abu uku a bayan littafinka duk lokacin da ya tashi: me ya faru gab da nan, me ya yi, me ya biyo baya. Sa'a da darasi ma ka rubuta. Za ka iya tarar da cewa kusan kullum lokacin karatu a bayyane ne. To yaron da ya kai CM1 bai iya karatu ba ya gwammace a ce masa mugu da a ce masa daƙiƙi, korar da kake yi masa kuwa ita ce ladan da yake nema, ta raba shi da abin kunya. In haka ne, ka gwada karatunsa a keɓe, ka daina tashinsa ba shiri, ka ba shi layi biyu tun jiya ya shirya. In kuma kafin tashin tsakar rana yake hawa, ka tambayi abin da ya ci. In tsokana ce, ka canza masa maƙwabci.

Ka yi masa ƴar takarda mai buri biyu kawai, misali "hannuna bai taɓa kowa ba" da "na nemi izinin fita da na ji zafi". Ka raba yinin gida uku, kowane gida ka ba shi 0, 1 ko 2 a kan kowane buri, jimilla 12. Ka fara da neman 7, ba 12 ba. Da safe minti ɗaya na gaisuwa da tuni, da tashi minti ɗaya na lissafi. Ka ba shi wata alama ta sirri, kamar ɗora biro a kunne, da ke nufin yana bukatar minti biyar a bencin baya kafin ya fashe. Ka sa rai abin zai ɗan ƙara muni a kwanakin farko, yana gwada ko tsohuwar hanyar na aiki, a nan ne malamai da yawa ke sarewa. Takardar tana mutuwa in ta zama sammacin duka a gida, don haka ka fara aika wa uban labarin ranar da ta yi kyau.

In ka ga tabon duka a jikinsa, ko yana zuwa idanu jajur yana layi, ka sanar da darakta. In kuma rashin zama da rashin natsuwa sun bi shi a gida, a makarantar allo da lekol fiye da wata shida, a kai shi a duba ji da gani tukuna, sannan a nemi mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa.

"Wata yarinya a CI, ajin farko na firamare, wata huɗu ba ta ce uffan ba a aji. Uwarta ta ce a gida aku ce."
*Malama, Tanut*

Malama, ki fara tambaya da wane harshe take akun. Mai yiwuwa da Tamajak, Barbarci ko Fulatanci ta tashi, Hausar ma baƙuwa ce balle Faransanci. In ba haka ba ne, tsoro ne ke riƙe mata murya, ba taurin kai ba, kuma matsa mata ko yi mata alkawarin alawa ƙara ƙulle ta yake. Ki bar ta ta amsa da nuni, da ɗaga allo, da amsar taro. Ki zaunar da ita kusa da yarinyar da suke wasa tare a unguwa. Ki roƙi uwar ta shigo ajin bayan an tashi, su yi hira su biyu na minti goma kina can nesa kina aikinki, kowane mako ki ɗan matso. In kin yi mata tambaya ki jira daƙiƙa biyar kafin ki wuce, ba tare da kin kafe ta da ido ba. Ranar da ta yi magana kada ki sa a tafa mata, ki amsa kamar kullum take yi, ki ci gaba da darasi.